Audugar da Nake Mantawa

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Wannan littafinka ne na gwajin suga. Shafi goma sha tara ka cika, sauran duk fari ne. Na ga bai kamata a jefar ba, kuma akwai maganganun da ba ni da wanda zan faɗa wa, to zan riƙa rubutawa daga bayan littafin. Ka san rubutuna ba kyau. Ka yi haƙuri da shi kamar yadda ka saba.

Yau kwana talatin da biyu da rasuwarka. Masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Saura yayarka. Ta ce ba za ta bar ni ni kaɗai ina hira da keken ɗinki ba. Tana ɗakin baƙi, biron allurarta na insulin yana cikin firji kusa da ƙwai, daidai inda naka yake zama.

Ka san suga ya cinye mata ido, ba ta ganin lambar da ke jikin biron. 'Yarta Malama ce ke yi mata allurar kullum da safe, to jiya Malama ta koma saboda an buɗe makaranta. Yau da safe Yaya ta miƙo min biron.

"Amarya, ke kin saba. Shekara shida kina yi wa ƙanina, ko rana ɗaya ba ki tsallake ba."

Shekara ashirin da uku a gidan nan, har yau Amarya take ce min.

Na karɓa. Na murɗa gindin biron, yana ƙas, ƙas, ita kuma tana ƙirgawa da kunne, leɓenta yana motsi. Ashirin da takwas nata. Naka talatin ne.

Ban taɓa biron allura ba tun ranar da ka tafi.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Na dafa shinkafa da kifi. Yaya ta tsince kifin ta ture farantin.

Na ce, "Yaya, gishiri ne ya yi yawa?"

"Gishirinki kullum yawa yake yi, ba yau aka fara ba. Dainawa na yi. Daga yau ba shinkafa, ba burodi, ba taliya, ba dankali. Shayi ma haka nan zan sha shi da ɗacinsa."

"To me za ki ci?"

"Abin da ƙanina yake ci. Ƙwai, kifi, nama, kabeji, ganye, mai."

Ashe kana ba ta labari a waya. Ka gaya mata suganka ya sauka, wandunanka sun yi maka yawa har na rage ƙugunsu sau biyu. Ta maimaita min bayaninka, har da yadda kake jan magana: duk abinci mai sitaci in ya shiga ciki suga yake komawa ya shiga jini, insulin ne ke kwashe shi ya kai wa jiki, to in ka rage zubawa ka rage wa mai kwashewa aiki. Ta ce Malama ta duba a waya, sunan abin kito.

Sai ta ce, "Da zuciya ba ta ci amanarsa ba, da yanzu ya rabu da ciwon nan. Abin da ya bar min ke nan, zan riƙe."

Zuciya. Haka aka rubuta a takarda. Haka kowa ke cewa.

Na kwashe shinkafar na rufe. Ni ma ban ci ba.

Laraba, goma da rabi na safe

Ba na son wannan lokacin. Na juya agogon bango ya kalli gini.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Abin yana aiki, wannan ne ma tashin hankalin. Ranar Litinin na'urar gwaji ta nuna ɗari biyu da goma kafin karyawa. Yau ɗari da hamsin da huɗu. Yaya ta sa na karanta mata sau biyu, ta yi guɗa ƙasa-ƙasa kamar an ba ta kyauta.

Kanta yana ciwo, tana yawan shiga bayi, ta ce ƙafafunta kamar ba nata ba. Kai ma haka ka yi a makon farko. Na ba ta ruwa da ɗan romo mai gishiri, ya lafa. Da ta matso ta duba wuyan rigar da nake ɗinkawa, na ji warin nan a bakinta, kamar lemo ya fara lalacewa. Warin bakinka na watan ƙarshe. Na tashi na ce zare zan ɗauko.

Na ce mata, "Yaya, in za ki canza ci, ai ya kamata Nas ɗin asibitinki ta sani."

"Ranar asibitina saura kwana goma sha ɗaya. Sai na je da lambobi masu kyau in ba ta mamaki. Yarinyar nan ta daɗe tana yi min faɗa kamar ita ta haife ni."

Asabar, ƙarfe takwas na safe

Ɗari da sha takwas. Ashirin da takwas. Ƙwai biyu da shayi mai ɗaci.

Hannuna ya yi rawa, ta ji. Ta ce, "Ke ma a gwada ki ne?"

Lahadi, sha biyun rana

Bari in rubuta tun ban manta ba.

Tana zaune a ɗakin ɗinki tana ware min maɓallai da lalube, manya gefe, ƙanana gefe. Sai gwangwanin ya suɓuce mata, maɓallai suka watse har ƙarƙashin keke. Na ɗaga kai. Zufa ta jiƙe mata goshi da leɓen sama, ga fanka tana juyawa a kanta. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba.

"Wa ya ce ki taɓa min kaya? Ɓarauniya kawai."

Yaya tana da baki, amma ba irin wannan ba. Na ruga na ɗauko na'ura, na kama yatsanta tana fizgewa. Hamsin da shida.

Cokali uku na suga a rabin kofin ruwa. Na zubar da rabi a hanya, na koma na sake haɗawa. Ta damƙe baki.

"Guba za ki ba ni? Sati guda ina wahala ki zo ki ɓata min?"

Na daka mata tsawa. Ni. Na ce, "Wallahi sai kin sha!" Ban taɓa ɗaga mata murya ba tun da aka kawo ni gidan nan. Ina jin mamaki ne ya sa ta buɗe baki.

Na zauna a ƙasa cikin maɓallai na riƙe ƙafarta, ina ƙirga minti goma sha biyar a wayata. Tamanin da huɗu. Na ba ta yankan burodi guda, ta ci tana harara ta.

Da na duba wayar lokacin da gwangwanin ya faɗi, goma da minti ashirin da biyar ne.

Ita da mutum a kusa da ita.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Ta ce zafi ne kawai. Ta ce ba ta tuna ta zage ni ba, amma in ta zage ni to akwai dalili.

Na lallaɓa. Na ce, "Yaya, allurar nan an yanka miki ita ne lokacin da kike cin shinkafa sau biyu a rana. Yanzu ba abin da za ta kwashe, sai ta kwashe wanda jiki ke buƙata. Mu je wurin Nas gobe, ko a rage."

"Yaushe kika zama likita, tela? Abin da aka rubuta ba a taɓa shi."

"To a kira Malama."

"Ki kira ta ta zo ta kwashe ni, ta cusa min burodi? Ki kuskura." Ta juyo da fuskarta wajena. "Ƙanina da ya yi wata biyu yana wannan cin, ya rage allurarsa?"

Na ce, "Bai rage ba."

"To."

Ta ci gaba da jin rediyonta.

Litinin, bakwai da rabi na safe

Casa'in da shida ta nuna.

Na murɗa a gabanta, ta ƙirga, ashirin da takwas. Sai na ce, "Af, na manta auduga." Na shiga ɗakin ɗinki da biron a hannu, na tura ƙofa, na mayar da shi baya. Ƙas goma. Na naɗe shi cikin ƙyalle don kada ta ji. Na fito da audugar na yi mata.

Sha takwas. Ban san daga ina na samo sha takwas ba. Da ido na yanka, kamar yadin da ba a yi wa awo ba.

A littafinta na rubuta ashirin da takwas, don Malama tana sa a ɗauki hotonsa a tura mata. Na gaskiyar zan riƙa rubutawa a nan. Litinin, 18.

Allah ka gani.

Talata, goma da rabi na safe

Tana zagin mai karanta labarai a rediyo. Goshinta a bushe. 18.

Laraba, ƙarfe uku na yamma

Mai Walda ya zo, maƙwabcinka na shago. Ya kawo rigar aikinka da tef ɗin awo da fensirin da kake saƙalawa a kunne. Ya ce mai shagon yana son wurinsa a ƙarshen wata, a zo a kwashe katakai.

Ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hularsa. Ya ce har yanzu abin yana damunsa. Ya ce tun wajen goma ya daina jin zartonka, ya leƙo ya gan ka ka kifa kai a teburin aiki, ya ɗauka gyangyaɗi ne, ya ce bari ya bar ka ka huta. Sai da azahar ta kusa ya sake leƙowa. Ya ce, "Rigar nan sharkaf take, kamar an zuba masa bokitin ruwa."

Yaya daga falo ta ce, "Haka zuciya take yi, bawan Allah. Ba laifinka."

Da ya tafi na laluba aljihun rigar. Garin katako da ƙusa biyu. Da can kullum alewa uku nake sa maka a ciki. Da ka fara wannan cin ka ce in daina, kana jin kunyar kanka, wai mai yaƙi da suga yana yawo da suga. Na daina. Ko musu ban yi ba.

Juma'a, ƙarfe takwas na safe

Na gama murɗawa, na buɗe baki, sai ta ɗaga hannu. Auduga a tafinta.

"Ga ta. Kullum auduga, kullum auduga. Da haka kika riƙa yi wa ƙanina? Ashe haƙurinsa ya fi yadda na sani."

Na tsaya da ashirin da takwas a hannuna, ta riga ta ɗage riga. Na ce, "Kan allurar nan ya lanƙwashe, bari in canza." Na shiga ciki.

Gobe me zan ce?

Asabar, ƙarfe ɗaya na rana

Yau ɗari da casa'in ta tashi da shi, tana ta shan ruwa. Ko na rage da yawa ne? Na taɓa ji a asibiti an ce in insulin ya yi kaɗan ga mai wannan ciwo, jini yana iya lalacewa, mutum ya yi ta amai har a kwantar da shi. To ga rami ta nan, ga rami ta can, ni kuma aji shida na yi.

Na mai da shi ashirin. Na bi ta da ido duk safiya har ta ce, "Amarya, in kallona za ki yi, ki biya kuɗin kallo."

Daga baya na ga ɓawon ayaba biyu a kwandon ɗakinta. Na ji sanyi a raina, na kusa dariya.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Mun dawo daga asibiti.

Layin masu suga ya kai har baranda. Bencin da muke zama ni da kai yana nan, wanda ka ce ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta, duk wanda ya yi shi ba kafinta ba ne. Ban zauna a kai ba.

Nas ta yi min gaisuwa, ta ce ta ji labari. Ta buɗe littafin Yaya tana bi da biro. Ɗari da goma, ɗari da ashirin da biyu, ɗari da takwas. Ban rubuta hamsin da shida na ranar Lahadi ba, Yaya ta hana.

"Mama, wannan ke ce kuwa? Me kika canza?"

Yaya ta gyara zama. "Na saki shinkafa da danginta. Sati biyu."

Nas ta ajiye biron. Ta ce abin yana taimakon mutane da yawa, suga yana sauka, wasu har a rage musu magani sosai. Amma ta ce mai allura ba ya fara shi shi kaɗai. Ta ce, "In an rage sitaci, dole a duba allura tun ranar farko. In ba haka ba insulin zai tarar da jini ba suga da yawa, ya ja shi ƙasa har mutum ya suma. In ba kowa a kusa, yana iya tafiya daga nan."

Na kalli kalandar da ke bayanta. Hoton jariri ne ana auna shi.

"Kin taɓa jin rawar jiki, ko zufa, ko jiri?"

"Ko sau ɗaya," in ji Yaya.

"Kuma har yanzu ashirin da takwas ne?"

"Da kunnena nake ƙirgawa."

Nas ta sake duba littafin, ta ɗan girgiza kai. Ta ce da ta ga ko ɗaya ƙasa da tamanin da ta rage yau. Amma tunda lambobin sun zauna daidai a kan ashirin da takwas, to jikin Mama yana buƙatarsa, a bar shi haka, a dawo bayan sati biyu, a riƙa yawo da alewa. Ta rubuta 28 ta ja layi biyu a ƙasa.

Ta dube ni. "Ke ce ke yi mata? Hannunki yana da albarka."

Bakina ya buɗe. Na ce, "Na gode."

Talata, ƙarfe bakwai na yamma

Malama ta kira. Ta ga hoton katin asibiti, tana ta murna. Ta ce ranar Asabar da sassafe za ta zo ta ɗauki mamanta, ta gyara mata ɗaki, ta sayi kiret ɗin ƙwai.

"Anti, kin yi ƙoƙari wallahi. Yadda Nas ta rubuta haka zan bi, ko ɗigo ba zan canza ba. Kin san ni da bin takarda."

Na san ta. Ƙarfe bakwai za ta yi mata allurar, bakwai da rabi ta kulle gida ta tafi makaranta, sai ƙarfe biyu. Yaya ita kaɗai da rediyo.

Ni na sa Nas ta rubuta wannan lambar. Da hannuna.

Laraba, goma da rabi na safe

20. Saura kwana uku.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Sau uku na fara. Na farko ta ce in matsa na tare mata iska. Na biyu mai ɗinki ta zo karɓar kayanta. Na uku na ce, "Yaya, akwai maganar da," sai ta ce, "In maganar katakan shago ce, ki bar wa Malama."

In na ce na rage, za ta ce don me. In na ce don abin da ya faru ranar Lahadi, za ta ce zafi ne, kuma Nas ta goyi bayanta. Sai na faɗi ɗayan, wato naka, kafin ta yarda. Ita ta goye ka bayan rasuwar mahaifiyarku. Har yau in ta ce ƙanina, muryarta tana canzawa.

Na ɗinka hannun riga a baibai, na farke, na sake ɗinka shi a baibai.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Na buɗe littafin nan ta gaba. Tun ranar ban buɗe ta gaba ba.

Shafi na goma sha tara, rubutunka mai tsabta kamar na kan katako. Tamanin da ɗaya. Saba'in da tara. Saba'in da huɗu. A gefen saba'in da huɗu ka zana ɗan tauraro, kana murna. Layin ƙarshe, Alhamis. A gefen kowane layi akwai 30, da rubutuna.

Ko rana ɗaya ban tsallake ba. Kowa ya yabe ni a kan haka.

Asabar, ƙarfe uku na yamma

Malama ta iso bakwai saura, da mota tana jira a waje. Na riga na gwada, ɗari da huɗu. Ƙwai biyu da kabeji suna kan tebur. Jakar Yaya a bakin ƙofa.

"Anti, kawo in karɓi aikina," ta ce, ta buɗe firji da kanta.

Ta fara murɗawa, Yaya tana ƙirgawa. Ina tsaye da tire. Sha tara. Ashirin. Ashirin da ɗaya. Ta kai ashirin da takwas, ta ɗage wa mamanta riga, ta tsuke fatar ciki da yatsu biyu.

Ban san lokacin da na saki tiren ba. Na ga dai hannuna a wuyan hannunta.

"Ba ashirin da takwas ba ne. Ashirin ne. Kwana goma sha biyu ke nan ba ta karɓi ashirin da takwas ba. Ina shiga ɗaki in mayar da shi baya."

Malama ta ce, "Anti, kina cikin hankalinki? Maganin mutum? Wa ya ba ki izini?"

"Ba kowa."

"Kuma kika zauna gaban Nas kika yi shiru?"

"Na yi."

Yaya ta ce, "Zafin ranar nan ne ya firgita ta. Yi min allurata yadda aka rubuta, mota tana jira."

Sai na faɗa. A tsaye, ina riƙe da hannun yarinyar.

"Yaya, ranar Alhamis ɗin da ƙaninki ya rasu, sittin da takwas ya nuna da safe. Na gani da idona. Kwana huɗu yana dawowa yana cewa hannunsa yana rawa a shago. Na ce ko a bari yau, ya ce likita ya ce ba a fasa allura. Na murɗa talatin. Na ƙirga daidai, ko ɗaya ban rage ba. Ya ci ƙwai biyu ya tafi, ba ko alewa a aljihunsa. Ban gaya wa likitan da ya rubuta zuciya ba. Bai tambaya ba, ni kuma ban faɗa ba."

Direba ya yi hon a waje.

Can Yaya ta ce, "Malama, ajiye biron nan."

Ta sauke rigarta a hankali, ta gyara ta a gwiwa. Ta ce, "Audugar nan da kike mantawa." Ta tsaya. "Ni na ɗauka kuka kike shiga yi. Shi ya sa ranar nan na ce bari in riƙe audugar, ko kya yi shi a gabana."

Ta tashi da lalube, ta ƙi hannun kowa, ta shiga ɗakin baƙi ta rufe.

Malama ta sallami direba. Ta kira Nas a waya, na ji tana cewa eh, a'a, ban sani ba, ga ta nan. Nas ta ce a yi ashirin ɗin yau da gobe, a gwada kafin goma da rabi da kuma kafin abincin rana, Litinin mu zo da lambobin gaskiya. Malama ta shiga ta yi mata. Da ta fito ba ta kalle ni ba.

Har yanzu ƙofar a rufe take.

Lahadi, ƙarfe shida na yamma

Ina yanka kabeji ta shigo kicin, ta jingina da firji. Ba ta ce Amarya ba. Ba ta kira ni da komai ba.

Ta ce, "Ya kira ni ranar Laraba. Ya ce, Yaya, hannuna yana rawa in hantsi ya yi, har zarto yana ƙwace min. Na ce masa jiki ne ke sabawa, ka daure, kada ka zama rago."

Na ci gaba da yanka. Ban ce mata ba laifinta ba ne, ita ma ba ta ce min ba.

Ta daɗe a wurin. Da za ta fita ta ce, "Kada ki cika gishiri."

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Na kai wa Nas littafin nan, na nuna mata lambobin da ke baya, na rufe sauran rubutun da tafin hannu. Ta yi min faɗa sosai, a gaban Malama. Ta ce sa'a na ci, da na yanka fiye da haka ko da Mama ta kamu da zazzaɓi a kwanakin, da wani labarin ake yi. Ta yi wa Yaya nata faɗan a kan hamsin da shida. Yaya ta ce, "Na ji, uwata."

Ta kai mu wurin likita. An soke 28, an rubuta 20, an ce a gwada sau uku a rana, a dawo bayan kwana bakwai don wataƙila a sake ragewa. Ba a hana ta cinta ba. An ce ta ci gaba in tana so, amma da saninsu.

Da suka fita na tsaya. Na buɗe wa Nas shafi na goma sha tara. Ta daɗe tana kallo.

Na ce, "Shi ne sanadin?"

Ta ce, "Ba zan iya ce miki shi ne ba. Ba zan iya ce miki ba shi ba ne. Mai suga na shekaru, zuciyarsa ma tana iya tsayawa." Ta rufe littafin ta miƙo min da hannu biyu. "Abin da aka gaya muku kuka bi. Ba a gaya muku sauran ba."

Na so ta ce ɗaya daga ciki. Ko wanne.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Gobe za su tafi. Na kwaso rigunan Yaya guda bakwai daga jaka, na yi wa kowace ɗan aljihu ta ciki, wajen dama, inda hannu zai kai ba sai an duba ba. Na sa alewa uku-uku. Ta laluba ɗaya ta ce, "Ɗinkin ya karkace."

Bai karkace ba.

Malama ta shirya da matar maƙwabcinsu ta riƙa leƙa ta da hantsi. Ta ce min sai da safe, Anti. Jiya ba ta ce ba.

Alhamis, goma da rabi na safe

Gidan shiru. Wurin da ke kusa da ƙwai ba komai. Ina zaune a keke ban taka ba, sai waya ta yi ƙara.

Ba sallama, ba gaisuwa.

"Ɗari da sha biyu," ta ce. Na ji rediyo a bayanta. "Kin ji, Amarya? Gobe ma war haka. Ki ajiye wayar kusa."

Ta kashe.

Na tashi na juyo da agogon.